Daga Kibiyar Ajali Zuwa Labaran Waya

Ni mutumin Roni ne, kuma a can na fara karanta Kibiyar Ajali na Nazir Adam Salih. Yayana ne ya sayo shi a Kano, muka yi ta karɓa-karɓa har bangonsa ya yage. Ko magariba ta yi, sai an daka mini tsawa nake ajiye shi.

To, zamani riga ne. Takarda ta yi tsada, kasuwar littafi ta ja baya, Nazir kansa ya karkata ga rubuta wasannin talabijin irin su Daɗin Kowa. Marubutan yanzu kuwa ta waya suke sakin labari, shafi-shafi, a WhatsApp da Wattpad. Ɗan Roni ya daina jiran motar Kano.

Amma 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da ke damuna. A 2023 dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks ya rufe. Ni ma da wayata ta lalace, labaran da ke cikinta suka bi ruwa. Yagaggen littafin nan kuwa yana nan cikin adakar gyatumata. Shin wa zai adana wa jikokinmu labaran waya?