Wa Zai Saurari Ƙarar Mai Ba Da Shawara?

A 1926 wani Bature ɗan Ingila mai suna Charles Belgrave ya sauka a Bahrain, tsibirin nan na Tekun Fasha, domin ya zama mai ba Shaikh Hamad bin Isa shawara. Mutanen ƙasar suka riƙa kiransa Almustashar. Shekara 31 ya yi a kan wannan kujera. Ni da na yi shekaru ina aikin magatakarda a kotu, duk lokacin da na karanta labarinsa, gyaran da ya yi wa shari'a ne ke tsaya mini a rai.

Gyaran kuwa ba ƙarami ba ne. An tsara kotuna, aka bar wa alƙalan Sunni da na Shi'a shari'ar aure da gado, kowanne a kan mazhabarsa. An ɗauko akawu daga Indiya, aka kafa 'yan sanda masu albashi, kuɗin hukuma suka shiga lissafi. Masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u, waɗanda bashin masu jirage ke bin su har ya faɗa kan 'ya'yansu, sai ga shi kowa ya sami littafin lissafinsa, bashi kuma ya daina zama gado. Na sha ganin yadda rubutu ɗaya a rajista ke ceton talaka daga bakin mai ƙarfi, don haka ba na raina wannan aiki.

Sai dai Belgrave shi ke kula da baitulmali, shi ke shugabantar 'yan sanda, kuma shi ke zama a kotu tare da wani daga gidan sarauta yana yanke hukunci. Wuƙa da nama duk suna hannunsa. Wanda ɗan sanda ya kama da safe, gaban shugaban ɗan sandan zai gurfana da hantsi. In hukuncin bai yi masa ba, ina zai dosa?

Jama'ar Bahrain ba su yi shiru ba. A 1954 'yan Sunni da 'yan Shi'a suka haɗa kai suka kafa kwamiti, suka nemi majalisar dokoki zaɓaɓɓiya, da rubutacciyar doka, da babbar kotun ɗaukaka ƙara. A ƙarshen 1956 aka kama shugabanninsu, aka kai uku daga cikinsu tsibirin Saint Helena. Belgrave kansa ya bar ƙasar a 1957.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san Razdan da ake cewa shawara kawai yake ba sarki, alhali maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Abin da aikin kotu ya koya mini shi ne, tsabtar rajista da biyan albashi kan lokaci suna da amfani, amma alƙali yakan fi yin hattara idan ya san akwai na gaba da shi da zai duba hukuncinsa. Wannan ne mutanen Bahrain suka roƙa, aka saka musu da kurkuku.