Kwana Huɗu A Birnin Rum Da Jakar Goyo

Idan kana cikin masu tara 'yan kuɗi a hankali da niyyar wata rana ka leƙa Turai ka ga abin da ake faɗa, kuma zuciyarka ta tsaya a kan Rum, babban birnin Italiya, to ka fara da duba takalminka kafin ka duba farashin otal. Ba wasa nake yi ba. Rum gari ne da mai ƙaramin ƙarfi zai iya gani sarai, domin yawancin abubuwan kallonsa a fili suke, a bakin titi, babu mai tambayarka ko sisi. Sai dai abin da aljihu bai biya ba, ƙafa ce ke biya. Wanda ya tafi da lafiyayyen jiki da takalmi mai laushi zai dawo da labari. Wanda ya tafi da sabon takalmi sau-ciki, wanda ya saya takanas don tafiyar, zai kwana biyu a ɗaki yana jinyar ƙafa. Ni na yi wannan kuskuren, kuma har yau ina tuna yadda na ƙare yinin farko ina ɗingishi a kan waɗannan baƙaƙen duwatsu da aka shimfiɗe titunan tsohon garin da su, waɗanda mutanen can ke kira sampietrini.

Amma bari mu fara daga gida, tunda biza ce ƙofa. Italiya na cikin ƙasashen Shengen, kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Kuɗin bizar ziyara yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12 kuma yuro 45, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Idan aka hana ka, kuɗin ba sa dawowa. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ka yi amfani da wannan dama, domin samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci. Dole ka nuna inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000. Mutane da yawa na kallon inshorar nan a matsayin takardar cika sharaɗi kawai, su sayi ko wace iri. Karanta ta. Idan kana da hawan jini ko ciwon sukari, duba ko ta ɗauki nauyin ciwon da ka riga ka zo da shi, domin da yawa ba sa ɗauka. Kada kuma ka biya tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Masu tashi daga nan galibi sukan ya da zango a Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Santambul, kuma bambancin farashi tsakanin mako da mako kan isa ya biya maka masauki.

Lokacin tafiya shi ne hukunci na biyu, kuma a nan ne mutanenmu ke yaudarar kansu. Za ka ji mutum ya ce ai shi ɗan rana ne, zafin Turai bai isa ya dame shi ba. A gida idan rana ta take kana cikin mota, ko shago, ko ƙarƙashin rumfa. A Rum cikin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, kana tsaye a layi a kan dutse, babu inuwa, kuma ka riga ka taka kilomita da yawa tun safe. Ga shi a tsakiyar Agusta, wajen ranar 15 ga wata, masu ƙananan shaguna da yawa sun rufe sun tafi hutu. Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne daidai da jiki. Janairu da Fabrairu sun fi arha kuma babu cunkoso, sai dai ka tanadi rigar sanyi ta gaske.

Jakar ita kanta kada ta wuce kilo 7 ko 8, yadda za ka shiga da ita cikin jirgi. Kaya kala uku sun isa kwana huɗu. Ka sa hula ko lema, da gorar ruwa wadda babu komai a ciki, da mahaɗin caja, domin soket ɗinsu mai ramuka zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba. Magungunanka su kasance cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, musamman masu ƙarfi na kashe zafin ciwo, waɗanda doka ke sa wa ido. Abin da ba za ka sa ba shi ne kilishi da dambun nama. Na san uwargida za ta so ta cusa maka su a gefen jaka don tausayi, amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga ƙasashenmu. Za a ƙwace, wataƙila ma a ci ka tara.

Daga filin jirgin Fiumicino akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express da ke kai mutum babbar tashar Termini cikin minti 32 a kan yuro 14. Bas-bas na zuwa wuri guda a kan kusan rabin wannan kuɗin, sai dai sun fi jinkiri. Kewayen Termini ne masaukai masu arha suka fi yawa, irin waɗanda ake kwana mutum huɗu ko shida a ɗaki, gado sama da ƙasa. Da yawansu na da ɗakin mata zalla, ke da za ki tafi ke kaɗai ko da 'yar'uwarki, ki nemi wannan tun wajen yin rajista. Unguwar ba ta da kyan gani da dare, gaskiya, kuma sai an kula da aljihu. Amma layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na A da B a nan suke haɗuwa, kuma daga nan zuwa Kolosiyam tafiyar minti ashirin da ɗoriya ce a ƙafa. Ka sani akwai harajin kwana da birnin ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, a otal daga yuro 4 zuwa 10 gwargwadon darajarsa, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet. Ware masa kuɗi daban.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni a garin nan, kuma shi ne zai fi rage maka kashe kuɗi: ruwa. A lungu-lungu za ka ga wani gajeren famfo na baƙin ƙarfe, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, da lanƙwasasshen bututu yana zubar da ruwa dare da rana. Sunansa nasone, wato babban hanci, saboda siffar bututun. An fara kafa su a shekarun 1870, kuma yau akwai kusan 2,500 a faɗin birnin. Ruwan sanyi ne, mai tsabta, shi ne dai wanda ke shiga gidajen mutane. A saman bututun akwai ɗan rami. Idan ka toshe bakin da yatsa sai ruwan ya yi tsalle ta ramin ka kafa baki ka sha, ba ka bukatar kofi. Mai sayar da ruwan roba a gaban wuraren kallo zai nemi yuro biyu ko fiye. Kai dai cika gorarka duk inda ka ga hancin nan, ko ba ka jin ƙishi, domin mai yawo cikin zumuɗi ba ya lura jikinsa ya bushe sai kai ya fara sarawa. Harkar ruwa tsohuwar sana'ar garin ce. Shahararren maɓuɓɓugar nan ta Trevi, inda baƙi ke jefa kwabbai, har yanzu tana shan ruwa daga hanyar da aka kammala shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kwana huɗu ba za su isa ka ga komai ba, don haka kada ka gwada. Wuri ɗaya na biya a rana ya isa, sauran kuma ido ne da ƙafa. Kolosiyam, katafaren filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80, tikitinsa yuro 18 ne, kuma ya haɗa da kangon tsohuwar cibiyar garin da tudun Palatino da ke kusa. Saya a shafin hukuma tun kana gida, da sunanka kamar yadda yake a fasfo, ka rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. Lahadin farko na kowane wata shiga kyauta ce, amma layin ranar kan cinye rabin yini, ni ban ga ribarsa ga mai kwana huɗu ba. A cikin kangon, ka tsaya a gaban babbar ƙofar dutse ta sarki Septimius Severus, wadda aka gina a shekara ta 203. Mutumin ɗan Afirka ne, an haife shi a Leptis Magna, cikin Libiya ta yau, ya zo ya mulki daular gaba ɗaya.

Pantiyon kuwa a 2023 aka fara karɓar yuro 5 kuɗin shiga, kuma idan aka ce in zaɓi gini ɗaya, shi zan zaɓa. Ƙubba ce ta kankare mai faɗin mita 43, ta kusa shekara 1,900 a tsaye, babu rodi a cikinta. A tsakiyar rufin akwai buɗaɗɗen rami, ta nan haske ke shigowa, ruwan sama ma haka, ya zube a daɓe ya bi ta 'yan ramukan da magina suka tanada. Shiga majami'ar San Pietro a Vatikan kyauta ne, sai dai layin bincike, kuma ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, abin da ba zai dami mai shigarmu ba. Abu ɗaya: idan ka gaji a Matakalar Sifaniya, kada ka zauna a kai. Tun 2019 aka hana, kuma tarar ta kai ɗaruruwan yuro.

Tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na rana ka nemi inuwa ko ka koma masauki ka miƙe ƙafa. Idan ka hau bas, tikitin na yin minti 100, amma sai ka buga shi a na'urar da ke ciki, in ba haka ba daidai kake da wanda bai biya ba. Bas mai lamba 64, daga Termini zuwa wajen Vatikan, ya yi suna wajen 'yan sane. Juyo da jakarka gaba. Kada kuma ka dogara da katin naira kaɗai, riƙe 'yan yuro a hannu, ka raba su wuri biyu.

Abinci na bukatar ɗan karatu, domin naman alade ya shiga girkin Rum sosai, kuma ba koyaushe ake ganinsa ba. Kalmomin da za ka haddace su ne maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, da strutto, wanda shi ne kitsen alade da wasu ke sawa a burodi da kayan fulawa. Taliyar da garin ya fi alfahari da ita, carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman kumatun alade ake yin su. Wadda babu shi ita ce cacio e pepe, cuku da masoro kawai, sai kuma taliya da miyar tumatir. Ka koyi cewa senza maiale, wato ban da alade, kuma ka tambaya kafin ka ci kayan zaƙi, wasu ana ɗiga musu giya. Mafi arhar abincin rana shi ne fiza da ake yankawa a auna a sikeli: ka nuna girman da kake so da hannu, ka zaɓi ta dankali ko ta tumatir. Kofi kuma a tsaye ake sha a gaban kanta. Da zarar ka zauna a tebur a wurin 'yan yawon buɗe ido, kuɗin ya ninka. Shan kofin nan ne kuma hanyar samun banɗaki, tunda na gwamnati ba su da yawa. Babu buta, sai ka riƙe 'yar gora ta biyu.

Idan cikinka ya fara kewar gida, kasuwar Esquilino na nan kusa da Termini, ana ci da safe zuwa rana, ban da Lahadi. Akwai doya, da kuɓewa, da agada, da attarugu, da mahautan halal. Masaukai da yawa na da kicin na kowa da kowa, tukunya ɗaya ta jalof za ta kai ka dare biyu. Ranar Juma'a kuwa ka je Babban Masallacin Rum a arewacin birnin, wanda aka buɗe a 1995, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai. Daga Flaminio ake hawa ƙaramin jirgin ƙasa a sauka a Campi Sportivi. Ginshiƙansa sun rarrabu a sama kamar rassan bishiya, kuma bayan salla akan samu masu sayar da abinci a bakin hanya.

Kantin magani ana gane shi da koren kuros mai haske, kuma ma'aikatansa na taimakawa da ƙananan matsaloli irin su kumburin ƙafa da ɓacin ciki. Lambar gaggawa 112 ce. Akwai kuma maganar da nake so ka riƙe fiye da sauran: idan zazzaɓi ya kama ka a can, kada ka ɗauka gajiya ce ka kwanta. Mai yiwuwa ka taho da cizon sauro daga gida. Je asibiti, kuma da bakinka ka faɗa wa likita cewa daga Najeriya kake, a gwada ka maleriya, domin ba shi ne abin da zai fara zuwa ransa ba.

Yammacin ƙarshe ka tsallaka kogin Tiber zuwa unguwar Trastevere, ka hau tudun Gianicolo. Hawan na da ɗan wuya amma ba a biyan komai, kuma daga sama za ka ga garin gaba ɗaya, ka riƙa nuna wuraren da ka taka da ƙafarka. Idan da rana ka je, ƙarar da za ka ji ƙarfe 12 daidai igwa ce, kullum ake harba ta don sanar da tsakar rana, kada ka firgita. Kafin ka kwanta ka sake duba ranar da bizarka za ta ƙare da lokacin tashin jirgi, ka bar Termini aƙalla awa huɗu kafin lokacin. Ruwan gorar kuma ka shanye shi kafin wurin bincike.