Murnar da Ta Zo da Takardu

Ran da wasiƙa ta iso cewa an ɗauki ƙaninmu karatun digiri na biyu a Jamus, a 2024, har sadaka muka raba a Aboabo, nan Kumasi. Ashe mun yi gaggawa.

Kafin a ba shi biza sai ya zuba Yuro 11,904 a wani asusu na musamman, ba ya cire fiye da 992 a wata. Mu kuwa dukiyarmu tana cikin goro da adashi, ba ta san takardar banki ba. Hajiya ta sayar da filinta, yayyenmu biyu suka roƙi a ba su kwasar adashi da wuri.

Sai maganar ɗaki. Gidan ɗalibai ya ce ya bi layi. Wani mai haya ya turo hoto, ya nemi kuɗi kafin a ga ɗakin, Allah ya tsare ba mu tura ba. Ga shi doka can ta ce a yi rajistar adireshi cikin kwana 14, da shaidar mai gida.

Wani ɗan Zango a Hamburg ne ya sauke shi, ya nemo masa takardar. Filin dai har yau Hajiya ba ta daina ambatonsa ba.