Littafin da Ya Hana Mu Rufe Shago



Mu biyu ne, wa da ƙani, muke da ɗan shagon buga takardu a Kano. Muna fotokwafi, muna laminatin, muna mayar da rubutun hannu cikin kwamfuta. Da yawa daga masu kawo mana aiki irinku ne: mai gajeren labari da zai tura gasa, ko wadda ta cika littattafan makaranta uku da biro tana so a buga mata. A wannan shago muka koyi son rubutu, kuma saura ƙiris ya kuɓuce mana.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, yunit ɗaya ya koma naira 225, kuma layinmu yana ciki. Ga tsadar mai idan an ɗauke wuta, ga tsadar mita idan an kawo.

Da farko mun ƙara kuɗin shafi, sai ɗalibai suka ja baya. Ciniki dai ana yi, amma da yamma aljihu wayam. Har muka fara shawarar sallamar yaron da ke koyon aiki a wurinmu, wanda da ɗan abin da muke ba shi yake taimakon mahaifiyarsa. Da muka kai maganar gida, Inna, wadda ta shekara da shekaru tana sayar da man gyaɗa, ta yi mana tambaya ɗaya: "Ku da kuke bugun takardun mutane, kun taɓa rubuta man da kuke ƙonawa a wuni?" Muka yi tsuru-tsuru. Ta ce, "To ku bar yaron mutane tukuna. Ku je ku rubuta."

Muka sayi littafi mai layi. Kullum muna rubuta lokacin da aka tayar da janareta da lokacin da aka kashe, litar da aka zuba, aikin da aka yi a tsakani, da lambar mita safe da yamma. Mako biyu kacal, littafin ya tona mana asiri. Ashe yawancin lokacin da injin yake ruri ba aiki muke yi ba, jiran mai kawo aiki muke yi. Wani sa'in a tayar da shi saboda shafi biyu, mai takarda ya tafi, mu kuma hira ta ɗauke mu ƙarƙashin fanka.

Daga nan muka bi kayan shagon ɗaya bayan ɗaya muna karanta ɗan rubutun da ke bayansu, inda ake nuna wat nawa kowanne yake ja. Lissafin ba wuya: wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Ƙwayayen fitila huɗu masu wat 60, idan suka yi awa goma, sun ci yunit 2.4. Na zamani masu wat 9 ba su kai rabin yunit ba, haske kuwa kusan ɗaya.

Babban mai cin kuwa injin fotokwafi ne. A cikinsa akwai wani sashe da ke yin zafi sosai domin ya narkar da garin tawada ya manne a takarda. Lokacin da yake ɗaukar zafi yakan ja wat 1,000 ko fiye, kuma ko ba a aiki yana ci gaba da ɗumama kansa muddin yana kunne. Haka injin laminatin. Mu kuwa tun safe muke kunna su, sai dare.

Sai muka sauya tsari. Bugun rubutu ya koma kan laftof, wadda batirinta ke riƙe awanni. Shafi ɗaya ko biyu muna fitarwa da ƙaramar firinta mai tawadar ruwa, wadda ba ta ɗumama komai. Manyan ayyuka kuwa muna tara su, a kunna babban inji sau biyu a rana idan babu wuta, a gama a kashe daga bango. Janareta ma muka riƙa canja masa baƙin mai da wanke fulogi a kan kari.

Tsarin bai zo kyauta ba. Akwai wani bawan Allah da ya zo da takardu hamsin yana sauri, muka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri zuwa azahar." Ya kwashi kayansa, har yau bai dawo ba. Ranar mun yi musu sosai a tsakaninmu. A ƙarshe muka yarda cewa mai gaggawa za a tayar masa da inji, amma a gaya masa ƙarin kuɗin tun kafin a ja igiya.

Bayan watanni muka haɗa ƙaramin sola. Da tun farko muka je saye, da an lissafa mana wanda zai ɗauki tsohon nauyinmu, kuɗin da ba mu da shi. Da yake mun riga mun rage, ɗan ƙarami ya riƙe fitilu, fanka, laftof da ƙaramar firinta.

Ba mu yi arziki ba, amma shago yana buɗe, yaronmu yana nan, kuma yanzu shi ke riƙe da littafin. Mu da muke kiran kanmu marubuta, mun daɗe muna neman labari a nesa, alhali rubutun da ya fi yi mana amfani shi ne na lita da awa. Duk mai 'yar sana'a a cikinmu, ɗinki ne ko cajin waya ko sayar da ƙanƙara, ya gwada mako biyu yana rubutawa kafin ya ƙara farashi ko ya sallami wani.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya saka wa iyayenmu da alheri.