Kanyar Komae

Daga tashar Shinjuku da ke tsakiyar Tokyo, jirgin ƙasa bai cika rabin awa ba ya sauke ni a Komae, wani ɗan ƙaramin gari a bakin kogin Tama. Kati ne ya kai ni. A gidan wayar garin nan ne Koike Kunio ya buɗe ajin farko na etegami a 1981, wato katin gaisuwa da mutum zai yi wa zane da hannunsa, ya ɗora kalma biyu ko uku, ya aika wa nasa. An ce da ni Koike ya taɓa zana kati dubu 60 cikin shekara guda, aka saka ɗaya ɗaya a kowane kwafi na wata mujalla. Ya kafa ƙungiyar masu wannan zane a 1985, ya rasu a 2023, amma koyarwarsa tana bakin kowa: rashin gwaninta ba aibi ba ne, shi ma aka fi so.

Ajin da na shiga yawanci tsofaffin mata ne. Kowace ta zo da abin da za ta zana: wata albasa, wata busasshen ganye, wata tsohon kofin shayi. Ni aka ajiye mini kaki, ɗan itacen da ke nuna musu da kaka. 'Yar'uwar kanyarmu ce, sai dai ta kai girman tumatir.

Tawadarsu ta ba ni dariya, don da baƙin hayaƙi ake yin ta, kamar dai wadda muka sha haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro a makarantar allo. Riƙon alƙalamin ne bambanci. Na gashi ne, kuma can ƙarshen ƙotarsa ake kamawa da yatsu, a tsayar da shi cak, a ja layi a hankali, har ka yi minti guda ba ka wuce faɗin tafin hannu ba. Dole hannu ya yi rawa. Na nemi fensir in fara gwadawa, malamar ta girgiza kai. Ba gwaji, ba gogewa. Ta bakin tafinta ta ce mini in zana shi ƙato, ko da ya fi ƙarfin katin ya fita ta gefe, in kuma bar fari fari a cikin launin.

Abin da ya fi kama ni shi ne tambayar da ta yi kafin in tsoma alƙalami: wa za ka aika wa? A wurinsu kati bai kammala ba sai ya shiga akwatin wasiƙa. Tsohuwar da ke gefena ƙanwarta take zana wa albasa, ta ce sun shekara da shekaru suna haka.

Tawa kanyar ta fito a karkace, tawada ta malala ta gefe ɗaya. Na buga jan hatimin da aka sassaƙa mini a jikin magogi, na rubuta: “Inna, tasu ta fi girma, tamu ta fi zaƙi.” A bakin tasha na tarar da jan akwati, na jefa. Na riga katin isa Zariya da kwana goma sha ɗaya.