Dawaki 300 a Hanyar Lakkwal

Agogon gudun motata yana ƙarewa ne a kan lamba 260. Waɗanda suka ƙera ta a Jamus a shekarar 2003 sun sa mata takunkumi a cikin kwamfutarta don kada ta wuce kilomita 250 a awa, kamar yadda manyan kamfanonin ƙasar suka saba yi wa motocinsu masu ƙarfi. Injinta silinda takwas ne, ƙarfinsa a takarda ya haura na dawaki 300. Tsakanin gidana a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi da lakkwal ɗin da nake koyar da Faransanci da Hausa kuwa kilomita 4 ne kacal, kuma tun 2019 da nake bin hanyar nan da ita kowace safiya, da wuya allurar ta taɓa 50. Ba zan faɗi sunan kamfaninta ba, kada a ce mushe ya koma talla.

Mai karatu zai so ya san yadda malamin makaranta ya mallaki irin wannan mota, domin tambayar da kowa ke yi ke nan, wasu da baki, wasu da ido. Yayana ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana tahowa da motoci daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da Faransanci au revoir la France. Wannan ta shigo cikin wani ayari, aka sayar da ƴan uwanta duka, ita ta yi kwantai kusan shekara biyu ƙura tana hawa kanta. Duk wanda ya zo sai ya shafa kujerunta na fata, ya yaba, ya buɗe gaba ya ƙirga silinda, sa'an nan ya juya ya sayi ƙaramar Toyota mai silinda huɗu. Haka ma abin yake a Turai: babbar mota tana faɗuwa daraja da sauri, domin mai saye na biyu ba kuɗin sayenta yake tsoro ba, kuɗin riƙonta yake tsoro. Da Yaya ya gaji da ganinta sai ya sallama mini a kan abin da ya kashe, in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na karɓa ido buɗe, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da zama da ita ya nuna mini shi ne, kowace mota tana ɗauke da hanyar ƙasarta a jikinta. Wadda aka ƙera wannan dominta ita ce babbar hanyar Jamus, shimfiɗaɗɗiya, mai shinge dama da hagu, wadda a wurare da yawa ba a ƙayyade gudu a kanta ba, sai dai shawarar kada a wuce 130. Saboda haka aka kwantar da cikinta kusa da ƙasa don kada iska ta ɗaga ta, aka ba ta tayoyi masu faɗi da siririn gefe don su kama kwalta a kwana. Peugeot 504 da muka tashi muka gani, wadda aka yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975, hanyarmu ce a jikinta: doguwar ƙafa, taya mai kauri, inji wanda makanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Ni da na yi shekaru ina fama da ɗalibai a kan fassara tsakanin Faransanci da Hausa, na san akwai jimlar da in ka juya ta kalma da kalma sai ta mutu a hannunka. Tuƙa motar nan a Maraɗi fassara ce ta kullum, kuma yawancin abin da aka rubuta a jikinta ba ya ƙetarowa.

A cikin gari ba abin da take yi sai haƙuri. Daga ƙofar gidana zuwa kwalta akwai rairayi na mita ɗari biyu ko fiye, ita kuwa da tayoyin baya take turawa. Tana da wata na'ura da ke rage wa inji ƙarfi da zarar ta ji taya na zamewa, abin da ke ceton rai a kan ƙanƙara, amma a cikin yashi shi ne ke sa ta nutse, sai na danna maɓalli na kashe shi kafin in shiga. In na hau kwalta kuma ga tudun rage gudu, wanda Faransawa ke kira bayan jaki ko jandarma kwance, mu kuwa kowace unguwa tana gina nata gwargwadon fushinta da masu gudu. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai cika taƙi guda ba, don haka a karkace nake hawa kowane tudu, taya ɗaya bayan ɗaya, ƴan kabu-kabu da adaidaita suna wuce ni suna oda. Gajeriyar tafiya ma cuta ce ga babban inji: kafin mansa ya yi zafin da ya kamata na riga na iso, na kashe. A lokacin hunturu kuma matatar iska da littafin motar ya ce ta yi shekaru, wata biyu take yi ta toshe da ƙura.

Sai maganar ciyarwa. Tankinta lita 80 yake ci. Da gwamnati ta rage farashin isansi zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, cika shi ya koma jika 40 ba kaɗan. A gari tana shan wajen lita 18 a kowane kilomita 100, a doguwar hanya ta sauko 11. Shekarun baya, ko bayan buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, rabin Maraɗi da ruwa-ruwa yake tafiya, man Najeriya na kwalba da ake tsallakowa da shi, domin ya fi na famfo araha. Ban taɓa zuba mata shi ba, saboda ba ka san ƙura ko ruwan da ya biyo jarka ba, ita kuwa tana da kunne a jikin inji da ke sauraren yadda mai ke ƙonewa, in ta ji bai kai ba sai ta janye ƙarfinta da kanta. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kwalba ta yi tsada, kowa ya dawo gidan mai muka haɗu a layi ɗaya. A ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025 rufe ta na yi da tamfol, na koma bayan kabu-kabu da jakar takardun ɗalibai a cinya. Binyet ma gwargwadon ƙarfin inji ake yanka shi, wato tun ba ta motsa ba ta fara ci.

Amma tsadar da ta fi damuna ba a gidan mai nake biyanta ba. Mota a garin nan tana magana kafin mai ita ya buɗe baki. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun tara dukiya ne a cinikin gyaɗa, daga baya a fataucin kaya zuwa Najeriya, kuma muna yara alamar da muke gane gidan wanda ya isa ita ce Marsandi a ƙofar zaure. Wannan karatun bai goge daga idon mutane ba. Mai nama da ya san ni shekara goma yana ce mini mushe, ranar da ya ga na fito daga motar sai na zama Alhaji, tsiren ma ya ƙara kuɗi. A ƙauyenmu an daina tambayata ko albashi ya fito, sai dai a aiko da takardar magani da ranar biki. A farfajiyar lakkwal ina ajiye ta ne kusa da baburan abokan aikina ƴan kwantaragi, waɗanda wani lokaci wata kan shige wata ba su ga kuɗinsu ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini magana, amma na lura hirar albashi takan canza in na iso inuwar da suke zaune.

Wata rana wani ɗalibina na ajin birbe, yaro mai kaifin kai wanda ubansa ke matsa masa ya bar karatu ya shiga kasuwa, ya tsaya bayan an tashi ya ce: "Mushe, ashe karatu yana sayen irin wannan?" A fuskarsa na ga amsar da yake so, wadda zai kai gida ya kare kansa da ita. Na gaya masa gaskiya, cewa kasuwar yayana ce ta kawo ta, albashina mai kawai yake zuba mata, shi ma da ƙyar. Na ƙara masa da cewa Yayan nan, duk da dukiyarsa, ba ya sa hannu a takardar duwan ko ta banki sai ya kira ni na karanta masa. Yaron ya yi shiru, ya ce na gode, ya tafi. Ya zauna birbe a shekarar ya samu. Har yau in na tuna tambayar nakan ji nauyin motar fiye da yadda sikeli zai nuna.

To me ya hana ni rabuwa da ita? Hanyar Yamai ce. Mahaifiyata tana da ciwon baya da ƙugu, kuma duk wata uku sai an kai ta ganin likita a can, tafiyar kilomita 660 a kan babbar hanya mai lamba 1. Da a bas muke zuwa, ta sauka ba ta iya miƙewa, ta yi kwana biyu tana jinyar hanya kafin a fara jinyar ciwo. Motar nan ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, waɗanda wani ɗan famfo ke cikawa yana daidaitawa. Ramin da zai jijjiga ƙaramar mota har haƙora su haɗu, ita sai ta haɗiye shi. Mukan bar Maraɗi bayan asuba, mu wuce Tsibiri da Gidan Rumji gari bai gama wayewa ba, kafin Madawa Inna ta yi barci a kujerar baya, kilim yana busawa, ko da a watan Afrilu ne da zafin waje ke haura 40.

A kan wannan hanya ne na gane amfanin dawakan nan 300, kuma ba gudu ba ne. Hanyar layi biyu ce, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Daga Galmi gingimarin albasa ne a jere, a Malbaza na siminti su shigo, kowanne dogo, kowanne yana rarrafe. Wuri mafi hatsari a tafiyar duka shi ne daƙiƙun da kake cikin hannun masu tahowa kana wuce babbar mota. Mai ƙaramin inji yakan daɗe a nan, yana kallon bas na tunkaro shi, yana salati. Ni in na taka, kafin in ƙirga biyar na wuce na koma hannuna. Sauran tafiyar a 100 nake yinta ko ƙasa, domin a wannan gudun ma mota tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in ka ninka gudu biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa huɗu yake yi. Jakin da ke jan amalanke bai san wannan lissafi ba, haka akuyar Dogon Dutsi, haka raƙuman dawan Kure da kan ratsa kwalta a natse tsakanin Doso da Yamai. Birkin da aka yi don ya tsayar da mota daga 250, in ka neme shi a 90 saboda yaro ya biyo tunkiya, yana amsawa nan take. Sau biyu ya amsa mini haka, sau ɗaya a kusa da Ƙonni, sau ɗaya a mashigar wata kasuwar ƙauye. Dare kuwa ba na yarda ya same ni a hanya, komai hasken fitilunta. Zuwa da dawowa yana cin mai na jika 70 da ɗoriya, ban da peyaji, ni da Yaya muke raba shi.

Gyaranta wani karatu ne. Makaniken da ke duba mini ita ya koyi aiki a kan 504, yana gane ciwon inji da kunne, amma wannan sai an jona mata ƴar akwatin da suke kira balis ta faɗi abin da ke damunta da lambobi, ɗansa ne ke karantawa. Kayan gyara daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa ko daga Kwatano, don haka siyasar iyaka tana shiga har cikin garaji. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ƙaramin ƙarfen da ake samu cikin kwana uku sai ya ɗauki wata guda, kuɗinsa ya ninka. Kayan da ke sauka a Kwatano kuma suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Yanzu jakar iskar baya ta hagu ta fara yoyo, roba ce mai shekara fiye da 20 da ta sha ranar Maraɗi. Kowace safiya ina tarar da motar ta gurfana gefe ɗaya kamar raƙumin da ake shirin yi wa lodi, sai na tayar da inji famfon ya yi ta gurnani kafin ta miƙe. Makanike ya ba ni shawarar da yake ba kowa: a cire jakunkunan huɗu duka a sa sifirin na ƙarfe, motar ta ƙara tsawo, ta daina tsoron tudu da yashi, kuɗin kuma bai kai na jaka biyu ba. Ya ce: "Mushe, ka bari in mayar maka da ita ƴar gari, ka huta." Ta fuskar hanyar lakkwal da aljihuna maganarsa ba ta da gyara. Na tambaye shi yadda kujerar baya za ta kasance a ramukan da ke bayan Ƙonni, ya yi dariya ya ce kamar ta kowace mota.

Na ba da jingina an aika Kano a nemo jaka ɗaya, ko ta hannu ce. Ranar ganin likitan Inna saura kwana 19, mai kawo kayan kuma ya ce in ji daga gare shi ranar Laraba.