Ranar da na hau kwalta da tantan

Duk wanda ya yi ND a sashenmu na injiniyan noma ya san cewa babu abin da muke ɗoki a SIWES kamar ranar da za a damƙa mana makullin tantan. Wata huɗun nan da ake turo mu koyon aiki bayan shekarar farko, yawancinmu wankin haro da zuba giris muke ƙarewa da su. Ni kuwa sa'a na yi, ko kuma a lokacin na ɗauka sa'a ce. Gonar shinkafar da aka tura ni tana da tarakta biyu da direba ɗaya, wani dattijo da kowa ke kira Baba, kuma cikin sati uku ya sakar mini sitiyari. Kafin wata ya cika ina huɗa layi miƙaƙƙe, ina juyawa a bakin gona ba tare da na taka kunyar maƙwabci ba. Har hoto na saka a status.

Wata Laraba da yamma, Baba ya tafi ta'aziyya, sai ga motar taki ta sauke kaya a sito da ke cikin gari, hadari kuma yana haɗowa. Manaja ya kira ni ya ce, “Kai ɗan Poly, ɗaura tirela ka je ka kwaso mana buhunan nan kafin ruwa ya sauko.” Na ce, “To, Yallaɓai.” Ko a raina ban yi wata-wata ba. Tsakanin gona da sito bai fi kilomita uku ba, kuma kusan rabinsa ne kawai kwalta.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari in yi bayanin wani abu, don a kansa labarin ya rataya. Tarakta ba birki ɗaya gare ta ba kamar mota. Feda biyu ne a gefen ƙafar dama, ɗaya na tayar baya ta hagu, ɗaya na ta dama. A gona ana raba su, domin idan ka kai ƙarshen layi ka taka ɗaya kawai, sai ta juya a ɗan ƙaramin wuri. Amma kafin a hau titi, akwai wani ɗan ƙarfe da ake zurawa ya haɗe su biyun su zama ɗaya. An koya mana wannan a aji, har ya fito a jarrabawa, kuma na ci. Ranar nan ban zura shi ba.

A dawowa, magariba ta kawo jiki, tirela cike da buhuna, fitilar baya babu ko ɗaya mai kamawa. Ina tafe a giyar sama sai wasu awaki suka faɗo titi. Na kai ƙafa da sauri, ta sauka a kan feda ɗaya. Tantan ta fizge zuwa hagu kamar an ja ta da igiya, tirelar ta karkace ta tare rabin hanya, wani ɗan acaɓa da ke ƙoƙarin wuce ni ya daki gefenta. Allah Ya taƙaita, bai ɗauko kowa ba. Amma hannunsa ya karye, gaban babur ɗin kuma ya lotse.

Bayan an ɗauke shi zuwa asibiti, jami'in da ya zo wurin bai ɗaga mini murya ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, “Samari, ina lasisinka?” Na zaro katin makaranta. Ya duba ya miƙo mini, ya ce ba wannan ya tambaya ba. Na ce ai wannan ba mota ba ce, injin noma ne. Ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, “Nan gona ce?”

Tambayar nan ta fi wata guda tana yi mini yawo a ka, ita ta sa na je na binciki abin da ya kamata in sani tun kafin in karɓi makulli. Lasisin tuƙi a Najeriya aji-aji ne. Ajin A na babur ne, B na ƙananan motoci, G na manyan motoci masu jan tirela, H na su katafila da gireda masu ture ƙasa. Tarakta da sauran injinan noma suna da nasu ajin daban, wato F. Ashe ko da a ce ina da lasisin mota a aljihuna ran nan, ba zai fisshe ni ba. Sai mutum ya kai shekara 18, ya bi ta gwajin jami'an VIO, sannan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fitar masa da katin. Ƙa'idojin zirga-zirgar titi na ƙasa na 2012 kuma sun wajabta rajista da lamba ga abin hawa mai inji da zai yi amfani da titin jama'a. Ga kuma inshorar nan da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, wadda dokarta ta girmi 'yancin kan ƙasar nan. Tantan ɗinmu babu lamba, babu inshora, direbanta babu lasisi.

Da can ina yi wa waɗannan takardu kallon hanyar tatsar kuɗi ne kawai, kuma ba zan ce babu masu mayar da su haka a bakin titi ba. Amma ran da aka zauna maganar kuɗin ɗauri da gyaran babur na gane amfanin inshora. Manaja ya ce shi sito ya aike ni, bai ce in kaɗe mutum ba. Bawan Allahn nan kuwa da babur ɗin yake ciyar da gida, kuma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum. A ƙarshe gonar ta biya wani abu, mahaifina ya sayar da tumaki biyu ya cika. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni, “Su a makarantar ba su gaya muku ba ne?”

Gaskiyar magana, an gaya mana yadda injin yake aiki, ba a gaya mana inda aka yarda ya taka ba. Mun san rabon giya, mun san PTO, mun san nauyin da haidirolik zai ɗaga. Ban tuna malami ko ɗaya da ya ambaci ajin F a gabanmu ba. Tarakta an ƙera ta ne don ja a cikin taɓo, shi ya sa take da tsawo, nauyinta yana sama, gudunta kaɗan ne, ga shi babu abin da ke shanye mata gargada in ban da iskar taya. Direban da ya taho da gudun ɗari a bayanka da dare ba zai gane cewa kusan a tsaye kake ba sai ya iso kanka. Wannan ne ya sa a Amurka ake liƙa wa irin waɗannan injina alama mai kusurwa uku mai ƙyalli a baya. A nan mu sai dai a rataya reshen darbejiya, in ma an tuna.

Bayan abin ya faru, dabarar da manaja ya ɓullo da ita ita ce a daina bin kwalta, a riƙa ratsawa ta burtali da filin makarantar firamare. Baba ne ya ƙi. Ya ce burtali hanyar shanu ce, kuma taya irin wannan in ta bi shi sau biyar da damina ta mayar da shi kwazazzabo, rigimar da za ta biyo baya da makiyaya kuwa ta fi ta 'yan titi. Da gaskiyarsa. Mu mun saba ɗaukar duk filin da ba a kewaye ba a matsayin wanda babu mai shi, alhali dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma tana da ta cewa kan filayen noma da kiwo na karkara. Filin makaranta yana da hukuma, na idi ma haka. Sai da mai unguwa ya nuna mana wata tsohuwar hanyar amalanke ta bayan gari, muka koma bin ta.

Na tuna duk wannan ne a bikin gama karatu na bara, da na ga wani ya shigo da babur mai taya huɗu filin ƙwallonmu, ya tayar da ƙura, daga nan ya fice bakin get ya hau titi da mutum biyu a bayansa, babu lamba, babu hular kwano, ana ta yi masa tafi. Ni dai ban iya tafawa ba.

'Yan ND1 da za ku fita SIWES bana, musamman na sashenmu da na sibil: in aka ba ku makulli a cikin gona ko wurin gini, ku karɓa ku koya, abin da ya kai ku ke nan. In aka ce ku fita da injin titi, ku tambaya ko tana da lamba da inshora, ku kuma faɗi gaskiya cewa ba ku da lasisin ajin. Za a ce kun cika tsoro, wataƙila ma a hana ku hawa na sati guda. Lambar kiran gaggawa ta FRSC kuma 122 ce, ku ajiye ta a waya.

Ɗan acaɓan ya warke, sai dai hannun ba ya miƙewa sosai. Nakan kira shi lokaci-lokaci. A logbuk ɗina kuwa, shafin wannan Larabar, abin da na rubuta shi ne “jigilar taki daga sito zuwa gona”, manaja ya sa hannu ya buga hatimi.